Wa zai gaji Eucharia Iyiazi a fagen jifa?

A watan Agustan shekarar 2022, a birnin Birmingham na ƙasar Ingila, wata 'yar Najeriya mai shekaru 48 da haihuwa ta hau wata kujerar ƙarfe da aka ɗaure da ƙasa, ta jefa dalma har nisan mita 10 da santimita 3, ta kuma lashe lambar zinariya a gasar wasannin ƙasashe renon Ingila.

Sunanta Eucharia Njideka Iyiazi. A lokacin, shekaru 18 ke nan da ta fara kawo wa Najeriya lambar yabo daga gasar Olympics ta naƙasassu, wadda aka fi sani da Paralympics.

Sau biyar a jere tana komawa gida daga wannan gasa da lamba a wuya, daga Athens a shekarar 2004 har zuwa Tokyo a 2021. Duk da haka 'yan Najeriya ƙalilan ne za su iya gane ta idan suka gamu da ita a kan hanya.

Tarihin wannan mata ya ƙunshi kusan duk abin da za a faɗa game da wasannin naƙasassu a Najeriya: nasarori masu yawa da aka samu da kuɗi kaɗan, da dogaro ga wasu tsirarun mutane masu naci, da kuma tambayar da ke ƙara fitowa fili tun bayan gasar Paris ta 2024, wato su wa za su karɓi ragama idan waɗannan mutane suka ajiye.

Daga Athens zuwa Birmingham

An haifi Eucharia Iyiazi ne a shekarar 1973, saboda haka ta riga ta cika shekaru 30 lokacin da ta samu lambarta ta farko, ta azurfa, a jifan mashi a gasar Athens ta ƙasar Girka. Wadda ta sha gabanta a ranar ita ce Safia Djelal ta ƙasar Aljeriya, sunan da zai sake fitowa a tarihinta.

Shekaru huɗu bayan haka, a birnin Beijing na ƙasar Sin, ta kai ƙololuwa. Ta jefa dalma mita 10 da santimita 96, ta jefa faifai mita 35 da santimita 21. Duka biyun sun kafa sabon tarihi a duniya a rukuninta, duka biyun kuma sun ba ta zinariya.

Najeriya ta samu zinariya huɗu ne a gasar naƙasassu ta wannan shekara ta 2008, ke nan rabinsu daga hannun mace ɗaya suka fito. Sauran biyun Lucy Ejike da Ruel Ishaku ne suka ci su a wasan ɗaga nauyi. Makonni kaɗan kafin nan, ayarin da ƙasar ta aika gasar Olympics a wannan birni ya koma gida ba tare da zinariya ko ɗaya ba.

A Landan a 2012 ta samu tagulla a jifan dalma, wadda ita ce kaɗai lambar da Najeriya ta ci a wajen ɗakin ɗaga nauyi, daga cikin lambobi 13 da ta tara. A Rio ta ƙasar Brazil a 2016 ta sake samun tagulla, wannan karon a jifan faifai, bayan Nassima Saifi ta Aljeriya da Orla Barry ta ƙasar Ailan.

A gasar Tokyo, wadda annobar korona ta sa aka ɗage zuwa 2021, ta jefa dalma mita 10 da santimita 40 tana da shekaru 47, ta ɗauki tagulla. Wadda ta lashe zinariyar ba wata ba ce illa Safia Djelal, wadda suka kara da ita a Athens shekaru 17 da suka gabata.

Jimilla lambobi shida ke nan: zinariya biyu, azurfa ɗaya, tagulla uku, a wasanni uku daban-daban.

Yadda ake jifa a zaune

Wanda bai saba kallon waɗannan wasanni ba zai iya ɗauka cewa jifa a zaune abu ne mai sauƙi. Masu wasan jifa a tsaye suna samun akasarin ƙarfinsu ne daga ƙafafu da ƙugu, ta hanyar juyi ko sassarfa kafin su saki abin da ke hannunsu. Mai jifa a zaune ba shi da wannan dama, sai abin da ƙirji da kafaɗa da damtse suka ba shi.

Domin a yi adalci, ana rarraba 'yan wasa rukuni-rukuni gwargwadon irin naƙasarsu da kuma yadda take shafar jifan. Likitoci da ƙwararru ne ke gwada kowane ɗan wasa kafin a ba shi rukuni. Da yawa daga cikin masu jifa a zaune suna cikin rukunin F51 zuwa F57, kuma idan lambar ta yi ƙasa, naƙasar ta fi tsanani ke nan.

'Yan rukunin F57, inda Eucharia ta ƙarasa wasanta na baya-bayan nan, suna da cikakken ƙarfin hannu da na gangar jiki, matsalarsu tana ƙafa ne, ko dai an yanke ta, ko kuma ta shanye sakamakon ciwo irin su shan-inna. Matan wannan rukuni suna jefa dalma mai nauyin kilo 3, da faifai mai kilo 1, da mashi mai giram 600.

Kowane ɗan wasa yakan je fili da kujerarsa. Doka ta ce tsayinta kada ya wuce santimita 75. Ana ɗaure ta tamau da ƙasa da igiyoyi ko sarƙoƙi, sannan a ɗaure ɗan wasan a kanta, wasu kuma sukan riƙe wani sandan ƙarfe da ke jikin kujerar da hannu ɗaya. Saboda ɗaurin yana cin lokaci, ɗan wasa yakan yi jifansa ne a jere, ba kamar masu jifa a tsaye ba da ke yi bi da bi, suna hutawa a tsakani.

Dokar da ta sauya komai

Duk wanda ya kwatanta alƙaluman Eucharia zai lura da wani babban giɓi. Faifan da ta jefa mita 35 a Beijing, mita 27 da santimita 54 ta jefa shi a Rio. Shekaru sun taka rawa, amma ba su kaɗai ba ne.

A Beijing da Landan tana cikin rukunin F58 ne, kuma a wancan zamani doka ta yarda ɗan wasa ya fara jifa a zaune, ya ƙarasa yana ɗagowa daga kujera, yana dogara da ƙafarsa mai lafiya. Haka kuma ana haɗa 'yan F57 da F58 a wasa ɗaya, sai a yi amfani da wani tsarin lissafin maki wajen fitar da gwani. Ta haka wanda ya fi kowa nisan jifa zai iya rasa zinariya, abin da ya riƙa ɗaure wa 'yan kallo kai.

Daga shekarar 2014 hukumar shirya wasannin naƙasassu ta duniya, mai hedkwata a birnin Bonn na Jamus, ta sauya tsarin. An soke rukunin F58 aka haɗe shi da F57, aka kuma wajabta wa kowa ya kasance a zaune daram tun daga farkon jifa har ƙarshensa. Wanda ya ɗago ko da kaɗan, alƙali zai ɗaga masa jar tuta.

Wannan na nufin cewa mutumin da ya shafe shekaru goma yana horar da jikinsa a kan salo guda, dole ne ya koma ɗalibi, ya sauya kujera, ya sauya zama, ya sake koyon yadda zai fitar da ƙarfi. Eucharia ta haura shekaru 40 lokacin da wannan doka ta fara aiki, amma ta ci lambobi biyu na Paralympics da zinariyar ƙasashe renon Ingila a ƙarƙashinta. Ana iya cewa wannan bajinta ba ta gaza ta Beijing ba.

Me ya sa jifa da ɗaga nauyi?

Najeriya ta fara shiga gasar naƙasassu ta lokacin zafi ne a Barcelona a 1992, shekaru 32 bayan gasar farko da aka yi a birnin Rum a 1960. Tun a wannan fitowa ta farko ta ci zinariya uku, biyu daga ɗan tsere Adeoye Ajibola, ɗaya daga Monday Emoghavwe a ɗaga nauyi.

Daga lokacin zuwa gasar Paris, naƙasassun ƙasar sun tara zinariya sama da 40. A gasar Olympics kuwa, wadda Najeriya ke halarta tun 1952, zinariya uku kacal ta taɓa ci: ta ƙwallon ƙafa da ta Chioma Ajunwa a dogon tsalle a 1996, sai ta tseren miƙa sanda na maza a gasar Sydney ta 2000, wadda sai daga baya aka miƙa wa ƙasar bayan an ƙwace ta daga Amurka.

Sai dai idan aka duba inda lambobin naƙasassun ke fitowa, za a ga kusan duka daga wasanni ƙalilan ne, ɗaga nauyi a kan gaba, sai jifa da ƙwallon tebur. Dalilin bai rasa nasaba da kuɗi.

Keken tsere na guragu, ko ƙafar roba ta musamman da masu yankakkiyar ƙafa ke gudu da ita, dubban daloli ake sayensu, kuma daga waje ake shigo da su. Wasan ninƙaya na buƙatar kududdufi na zamani da ake kula da shi kullum. Mai jifa kuwa abin da yake buƙata shi ne dalma ko faifai, da fili, da kujerar da mai walda na unguwa zai iya ƙerawa idan an ba shi awo. Mai ɗaga nauyi ma benci da ƙarafa sun ishe shi.

Wato dai 'yan wasan Najeriya sun yi fice ne a inda ƙarfin damtse da juriya za su iya cike gurbin kayan aiki. Da ruwan ciki akan ja na rijiya, in ji Hausawa, kuma ruwan cikin da suke da shi ke nan.

Mata uku, hannu uku

Eucharia ba ita kaɗai ba ce a wannan fage. A gasar Rio, Lauritta Onye, wadda ke wasa a rukunin F40 na masu halittar wada, ta jefa dalma mita 8 da santimita 40, ta kafa tarihin duniya ta kuma ci zinariya. Hotunan yadda ta riƙa alkafura don murna a filin wasan sun zagaya duniya. A Tokyo ta samu tagulla.

A Rio ɗin dai, Flora Ugwunwa ta jefa mashi mita 20 da santimita 25 a rukunin F54, ita ma ta kafa tarihin duniya. Ta sake lashe zinariya a Tokyo, sannan ta samu azurfa a Paris bayan Nurkhon Kurbanova ta ƙasar Uzbekistan.

Abin lura shi ne, duk lambobin da Najeriya ta ci a ɓangaren guje-guje da tsalle-tsalle da jifa a gasar naƙasassu ta Landan da Rio da Tokyo da Paris, waɗannan mata uku ne suka ci su. Babu namiji ko ɗaya, babu ɗan tsere ko ɗaya.

Lauritta da Flora duk a shekarar 1984 aka haife su. Idan aka je gasar Los Angeles ta Amurka a 2028, za su kasance suna da shekaru 44, Eucharia kuma tana dab da cika 55. Gaskiya ne masu jifa a zaune sukan daɗe suna wasa fiye da 'yan tsere, kamar yadda tarihin Eucharia da na Safia Djelal suka nuna, amma komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.

Akwai ƴan alamun sabon jini. A gasar Birmingham ta 2022, Goodness Nwachukwu ta jefa faifai mita 36 da santimita 56, ta kafa tarihin duniya a rukuninta, yayin da Ugochi Alam ta samu tagulla a wasan da Eucharia ta lashe. Amma a Paris, bayan shekaru biyu, azurfar Flora ce kaɗai lambar da masu jifan Najeriya suka samu.

Alƙaluman na yin ƙasa

A Rio, Najeriya ta ci zinariya takwas, ta kuma kasance ta ɗaya a tsakanin ƙasashen Afirka. A Tokyo zinariyar ta koma huɗu. A Paris ta koma biyu, daga Onyinyechi Mark da Folashade Oluwafemiayo, dukkansu a ɗaga nauyi, cikin jimillar lambobi bakwai.

A wannan gasa ta Paris, Aljeriya ta ci zinariya shida, Tunisiya biyar, Maroko uku.

Da yake ayarin Olympics na Najeriya bai ci ko da tagulla ba a Paris, kamar yadda ya faru a Landan a 2012, lambobi bakwai na naƙasassu sun zama abin share hawaye, kuma hakan ya sa ba a mai da hankali sosai ga koma-bayan da aka samu ba.

Ba lallai ne a ce 'yan wasan Najeriya sun lalace ba. Sauran ƙasashe ne suka farka. Ƙasar Sin ce ke zuwa ta ɗaya a kowace gasar naƙasassu ta lokacin zafi tun daga 2004. Birtaniya na zuba kuɗin cacar ƙasa a harkar horar da 'yan wasanta tun ƙarshen shekarun 1990. Ƙasashe irin su Uzbekistan da Indiya da Brazil, waɗanda a da ba a jin ɗuriyarsu a wasu wasannin, yanzu suna lashe lambobi a jifa. Wasannin da a da ƙarfin damtse kawai ke raba gardama a cikinsu, yanzu sun zama na masu nazarin bidiyo, da likitocin gashin ƙashi da tausa, da masana abinci.

Akwai kuma batun tikitin shiga gasa. Kafin ɗan wasa ya je Paralympics, sai ƙwararrun ƙasa da ƙasa sun tantance rukuninsa, sai kuma ya yi jifa mai kyau a gasar da hukumar duniya ta amince da ita, kamar gasar cin kofin duniya ko waɗanda ake shiryawa a Dubai da Tunis da Marrakesh. Biyu daga cikin waɗannan birane a arewacin Afirka suke, ke nan matasan Tunisiya da Maroko a gida ake tantance su. Matashin Najeriya kuwa sai an saya masa tikitin jirgi, kuma idan kuɗin tafiya ya yi kaɗan, tsofaffin hannu da ake da tabbacin za su ci lamba su ake zaɓa. Ta haka sabbi ke rasa damar da za su goge.

Tukwici ko tsari?

Gwamnatocin Najeriya ba su cika ƙasa a gwiwa ba wajen karrama waɗanda suka yi nasara. Bayan gasar Landan, shugaban ƙasa na lokacin Goodluck Jonathan ya ba kowane mai zinariya naira miliyan 5 da lambar girmamawa ta ƙasa.

Amma tukwici bayan nasara daban, ɗawainiyar shekaru huɗu kafin nasara daban. 'Yan wasan naƙasassu sun sha kokawa a kafafen watsa labarai game da jinkirin biyan alawus, da makarar buɗe sansanin horo, da rashin aikin yi tsakanin wata gasa da wata. Ga mai keken guragu a birni kamar Legas, isa filin atisaye kowace safiya ma wani aiki ne.

A watan Janairun 2019 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ba da wa'adin shekaru biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga, ta kuma keɓe masu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Wa'adin ya cika a farkon 2024, kuma ƙungiyoyin naƙasassu na ci gaba da ƙorafin cewa aiwatar da dokar na tafiyar hawainiya.

A watan Oktoban 2024, makonni kaɗan bayan gasar Paris, shugaba Bola Tinubu ya rushe ma'aikatar wasanni ya maido da hukumar wasanni ta ƙasa, ƙarƙashin jagorancin Shehu Dikko. Ɗaya daga cikin ma'aunan da za a auna wannan sauyi da su shi ne yawan sabbin fuskokin da za su samu tikitin Los Angeles.

Ina arewa?

Eucharia da Lauritta da Flora dukkansu daga kudancin ƙasar suka fito. Alhali kuwa arewacin Najeriya ne ya fi ko'ina ɗanɗana kuɗar cutar shan-inna a shekarun baya-bayan nan, musamman bayan dakatar da allurar rigakafi da aka yi a jihar Kano da wasu maƙwabtanta a 2003 zuwa 2004.

A shekarar 2006 kaɗai cutar ta kama yara sama da 1,000 a Najeriya, akasarinsu a arewa. A 2012 fiye da rabin waɗanda suka kamu da ita a duk duniya 'yan Najeriya ne. Sai a watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar cutar, shekaru huɗu bayan ganinta na ƙarshe a jihar Borno.

Yaran da cutar ta shanye wa ƙafa a wancan lokaci yanzu samari ne da 'yan mata, da yawansu kuma suna da irin ƙarfin hannu da na ƙirji da rukunin F56 da F57 ke buƙata, saboda da hannu suka yi duk wata zirga-zirga ta rayuwarsu.

Ba sha'awar wasa suka rasa ba. Ƙwallon guragu, wadda Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro a 1988, ake kuma buga ta da hannu a kan allo mai taya, tana da ƙungiyoyi da magoya baya a Kano da sauran biranen arewa. Sai dai ba ta cikin jerin wasannin Paralympics, saboda haka duk ƙwarewar ɗan wasa ba za ta kai shi wannan dandali ba. A Kano kuma akwai naƙasassun da suka daɗe suna ƙera kekunan guragu da hannunsu, kuma wanda ya iya walda keke ba zai gagara haɗa kujerar jifa ba.

Abin da ya rage shi ne masu horarwa da suka san dokokin wasan, da hukumomin wasanni na jihohi da za su je makarantun naƙasassu su zaƙulo yara, su kai su gasar wasanni ta ƙasa, wadda ke da ɓangaren naƙasassu. Ga 'yan mata kuma akwai buƙatar a shawo kan iyaye, domin tarihin shekaru 20 da suka wuce ya nuna cewa mata ne ke riƙe da tutar Najeriya a wannan fage.

Eucharia Iyiazi ta ci lambarta ta farko tana da shekaru 30. Yaron da shan-inna ya kama yana jariri a 2006 zai kasance da shekaru 22 lokacin da za a buɗe gasar Los Angeles, zai kuma cika 26 a gasar Brisbane ta Ostireliya a 2032. Lokaci bai ƙure masa ba, muddin aka samu wanda zai miƙa masa dalma.